Sassaƙe da Ciwon Daji: Tarihin Neman Magani a Ɓawon Itatuwan Ƙasar Kano

Gabatarwa

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi, ko ta Gezawa, in ya lura da itatuwan bakin hanya, da wuya ya ga babban maɗaci wanda jikinsa bai sha gizago ba, tun daga gindi har iyakar inda hannun mutum yake kaiwa. Wannan tabo aikin masu neman sassaƙe ne, watau ɓawon itace da ake sassaƙowa a jiƙa, ko a dafa, ko a shanya a daka don magani. A cikin cututtukan da ake nema wa sassaƙe a yau har da wadda jama'a suka fi jin tsoro, watau ciwon daji ko sankara, wanda likitoci suke kira kansa.

Maganar tana da nauyi. Hukumar binciken kansa ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum wajen 128,000 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu da shi. A lokaci guda jaridu da gidajen rediyo sukan kawo labari cewa masana sun gano itace kaza yana kashe kansa, mai sassaƙe a kasuwa ya ji, ya ƙara wa ƙullinsa kuɗi. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin tarihin maganar tun daga tushe: yadda itatuwan nan suka wanzu a gonakin arewacin Kano, yadda sanin amfaninsu ya tashi daga hannun masu magani ya shiga littattafai da ɗakunan gwaje-gwaje, da kuma iyakar abin da aka tabbatar game da su. Tarihin zai nuna cewa lalle akwai sinadarai masu ƙarfi a ɓawon itace, har ma wasu manyan magungunan kansa na duniya daga can suka fito, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya zama magani sai da aka tace shi, aka auna shi, aka gwada shi shekara da shekaru.

Itatuwan gona a karkarar Kano

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe da cika da mutane. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano daga Katsina a watan Fabrairu na 1851, ya bayyana ƙasar da ya ratso da cewa mai albarka ce da yawan jama'a, gona tana bin gona, ga manyan itatuwa tsaye a cikinsu. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 1965, Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga nazarinsu a kan wannan yanki mai cunkoson jama'a, wanda ƙasashen Ungogo, Minjibir, Gezawa da Dawakin Tofa suke cikinsa. Sun tarar ana noma kusan kowace gona kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfin ƙasa da takin dabbobi da sharar birni, wadda jakuna suke kaiwa ƙauye cikin mangala su komo da itacen girki.

A wuri irin wannan babu kurmi, babu fili wanda ba na kowa ba. Duk da haka itatuwa ba su ƙare ba. Binciken da aka buga a 1990 a kan itacen girki na Kano ya nuna akan sami manyan itatuwa kimanin 12 zuwa 15 a kowace hekta ta gona, kuma yawansu bai ragu ba duk da farin da aka yi a farkon shekarun 1970. Dalili kuwa shi ne kowane itace yana da mai shi, ana gadonsa kamar yadda ake gadon gona, kuma ba a barin sa tsaye sai don yana biyan wata bukata. Ɗorawa tana ba da kalwa da gari da makuba, kuka tana ba da miya da igiya, gawo yana zubar da ganye da damina ya ƙara wa gero ƙarfi, bagaruwa tana yi wa majema aiki, ƙirya tana ba da turmi da gawayin maƙera. A kan waɗannan amfanoni akwai na magani, wanda kusan kowane itace yake da rabonsa a ciki.

Akwai dalilin da ya sa ɓawo ya fi sauran sassan itace shiga magani. Itace ba ya iya guje wa gara ko ƙwaro ko akuya, don haka kariyarsa tana cikin ɓawonsa, inda yake tara sinadarai masu ɗaci da masu bauri domin korar abin da zai ci shi. Ɗacin da ya ba maɗaci sunansa yana daga cikin irin wannan kariya. Daɗin daɗawa, ganye yakan ƙare da rani, saiwa sai an haƙa, amma ɓawo yana nan kowane lokaci, kuma in an shanya shi yakan daɗe bai lalace ba, ya kai kasuwar Kurmi ko wadda ta fi ta nisa.

Masu magani da abin da ake kira daji

Sanin sassaƙe bai taɓa zama a hannun mutum ɗaya ba a ƙasar Hausa. Boka yana da nasa, haka wanzami, da ungozoma, da maɗori, da maharbi, da 'yar mai ganye, da Bafillatanin da yake jiƙa wa shanunsa maɗaci ko marke saboda tsutsar ciki. Malamai kuma sun shigo da ilmin likitancin Musulunci daga littattafan Larabci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Amma galibin abin da talakawa suka sani game da itatuwa a ka yake, ɗa ya gada daga uba, 'ya ta gada daga uwa, kuma akan ɓoye haɗin saboda shi ne jarin gidan.

A nan ya kamata a tsaya a kan kalmar daji kanta, domin a kanta ne ruɗani ya fi yawa. A bakin mai maganin gargajiya, daji yakan haɗa da kumburin da ya ƙi sacewa, da ƙari, da gyambon da ya ƙi warkewa yana ci yana faɗi, da ƙurjin da yake fashewa nan ya ɓullo can. Masu bincike na sashen harhaɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suka tattauna da masu magani Hausawa da Fulani suka buga sakamakon a 2007, sun haɗa kansa da kumburi a nazari ɗaya, saboda a wurin masu maganin iyakar da ke tsakaninsu ba a fili take ba. A wurin likita kuwa, kansa ita ce ƙwayoyin halittar jiki su riƙa rabuwa ba tsayawa, su mamaye naman da ke kusa, su bi jini su kafa a wani wuri, kuma ba a tabbatar da ita sai an yanki ɗan nama an duba a madubin likita.

Saboda haka in mai magani ya ce ya warkar da daji da sassaƙe, ba lalle ne ƙarya yake yi ba. Sinadarai masu bauri da ke cikin ɓawon bagaruwa ko marke suna tsane rauni, suna rage ruwa da wari, kuma gyambo na ƙwayoyin cuta yana iya warkewa da irin wannan kulawa. Abin da ba a sani ba shi ne ko abin da ya warke ɗin kansa ce. Likitan nan G. M. Edington, wanda ya kafa rajistar masu kansa a Ibadan a 1960, daga baya kuma ya yi aiki a Zariya, yana cikin waɗanda suka nuna irin kansar da ta yawaita a Arewa a wancan zamani: ta fata da ke tasowa daga tsohon gyambon ƙafa, ta mafitsara da ke da alaƙa da tsargiya, da ta hanta. Gyambo ɗaya yana iya zama ciwo na yau da kullum shekara goma, sa'an nan ya rikiɗe ya zama kansa, mai shi yana kiran sa da suna ɗaya tun farko har ƙarshe.

Shigar sassaƙe cikin littattafai

Turawa sun fara sha'awar ɓawon itace saboda zazzaɓi. A 1820 wasu masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka fitar da kwinin daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu, kuma da kwinin ne Turawa suka sami damar zama a Afirka ta Yamma ba zazzaɓi ya ƙare su ba. Ganin mutanen Senegal suna shan jiƙon maɗaci don zazzaɓi, sai Faransawa suka yi fatan ya maye gurbin wancan itace. A 1849 Eugène Caventou, ɗan wancan na farko, ya bincika ɓawon maɗaci ya fitar da wani abu mai ɗaci daga ciki, amma bai kama ƙafar kwinin ba. Wannan yana cikin karo na farko da aka ɗora maɗaci a kan ma'aunin kimiyya, kuma sakamakon bai kai yadda aka sa rai ba.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, aikin ya koma na tattara sunaye. Wanda ya fi kowa ƙoƙari a nan shi ne Dokta J. M. Dalziel, likitan gwamnati, wanda ya shiga aiki a Afirka ta Yamma a 1905. Duk inda aka kai shi a Arewa yakan tsinko ganye da fure, ya tambayi mutanen wurin suna da amfani, ya aika da samfurin Ingila a tantance. A 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, a 1937 kuma ya buga babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Don girmama shi ne masana suka sa wa hano suna Boswellia dalzielii. Muhimmancin aikinsa shi ne ya ɗaure sunan Hausa da sunan kimiyya, ta yadda masani a kowace ƙasa zai san cewa maɗaci shi ne Khaya senegalensis, magarya kuma ita ce Ziziphus mauritiana. Sai dai kuma sunayen manoma da masu maganin da suka ba shi wannan sani ba su shiga littafin ba.

Irin wannan aiki ya ci gaba bayan mulkin kai. Nina Etkin da Paul Ross sun zauna a wani ƙauye na karkarar Kano a 1975 zuwa 1976, suka komo a 1987 zuwa 1988, suka rubuta ɗaruruwan tsirran da mutanen ƙauyen suke magani da su, suka kuma nuna cewa da yawa daga cikinsu abinci ne a wani lokaci, magani a wani lokaci.

Darasin taksol

Domin a fahimci abin da ake nufi da fitar da maganin kansa daga ɓawon itace, tilas a leƙa Amurka, inda aka yi aikin daga farko har ƙarshe. Daga 1960 zuwa farkon shekarun 1980, cibiyar binciken kansa ta ƙasar ta gwada tatattun ruwan tsirrai wajen 114,000 daga nau'in tsiro kimanin 15,000. A watan Agusta na 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya sassaƙo ɓawon wani ƙaramin itace mai jinkirin girma a dazukan jihar Washinton, ya sa a buhu tare da sauran samfura. Ba don wani mai magani ya nuna masa ba ne, aikinsa kawai ya tsinko duk abin da ya gani. Monroe Wall da Mansukh Wani suka gano ruwan ɓawon yana kashe ƙwayoyin kansa, suka yi shekaru suna tacewa, sai a 1971 suka bayyana siffar sinadarin, suka kira shi taksol. A 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake aiki: yana daskarar da zaruruwan da ƙwayar halitta take amfani da su wajen rabuwa biyu, sai ta kasa rabuwa ta mutu. Ba a amince a ba majinyata shi a asibiti ba sai a watan Disamba na 1992, watau shekara 30 bayan an sassaƙo ɓawon. A yau yana cikin magungunan da ake ba masu kansar mama da ta ƙwan mace a asibitocin koyarwa na Nijeriya.

Akwai abubuwan lura a wannan labari. Na farko shi ne ƙarancin sinadarin: daga busasshen ɓawo kilo 12, rabin giram kawai Wall da Wani suka samu. Ba ya narkewa a ruwa sosai, itacen kuma yana da dafi. Da wani ya jiƙa ɓawon ya sha, da dafin ya kama shi tun bai sami abin da zai taɓa ƙarin da ke jikinsa ba. Na biyu shi ne, daga dubban tsirran da aka gwada, waɗanda suka kai ga zama magani ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. A cikinsu akwai kamtotesin, wanda Wall da Wani suka fitar daga wani itace na ƙasar Sin a 1966, aka dakatar da shi saboda illarsa, sai a 1996 aka amince da magunguna biyu da aka gyaro daga gare shi. Na uku shi ne abin da ya sami itacen kansa. Da aka ga amfanin taksol sai aka shiga saran itatuwan ana ɓare su, har aka ji tsoron za su ƙare, kafin masana a Faransa da Amurka su gano hanyar haɗa maganin daga ganyen wani danginsa ba tare da an kashe itace ba.

Magarya, maɗaci da 'yan'uwansu a ɗakin gwaji

Itatuwan da manomin Kano ya sani su ma sun shiga wannan bincike. A 1995 masana na Jami'ar Ilinoi da ke Shikago suka ba da rahoton cewa sun fitar da wani sinadari mai suna betulinik daga ɓawon magarya da aka samo daga Zimbabwe, kuma ya kashe ƙwayoyin wata muguwar kansar fata a cikin kwalba, ya kuma hana ƙari girma a jikin ɓeraye. Magaryar nan dai ita ce wadda yara suke tsintar 'ya'yanta a bayan gari. Labarin ya zaga duniya, amma har yanzu ba a amince da sinadarin a matsayin maganin kansa ba, kuma ɗaya daga cikin matsalolinsa ita ce ba ya narkewa yadda jini zai ɗauke shi. Haka kuma a 1982 George Pettit na jihar Arizona ya fitar da kombretastatin daga ɓawon wani itace na Afirka ta Kudu wanda dangin geza ne da taramniya da marke. Wannan sinadari yana toshe hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙari, an gwada shi a jikin mutane shekaru da dama, shi ma bai sami amincewa ba tukuna.

A gida Nijeriya, Jami'ar Ibadan ce ta fara. A shekarun 1960 masana sinadarai irin su C. W. L. Bevan, D. A. H. Taylor, D. E. U. Ekong da E. K. Adesogan suka duƙufa a kan maɗaci da danginsa, suka ware sinadarai masu ɗaci da ake kira limonoyid, suka bayyana siffofinsu. Ɗaya daga ciki, gedunin, wanda aka fara fitarwa a 1960 daga wani itacen katako na kudu, ana kuma samun sa a darbejiya, an gano bayan shekara arba'in da wani abu cewa yana dagula wani furotin da ƙwayoyin kansa suke dogara da shi. A 1975 J. I. Durodola ya buga gwajin da ya yi da gwandar daji a kan ɓerayen da aka sa wa ƙari. A 2006 da 2007 kuma masana na Jami'ar Karolina ta Kudu a Amurka suka nuna ruwan ɓawon maɗaci yana rage yaɗuwar ƙwayoyin kansar hanji a cikin kwalba, suka kuma ware wani limonoyid daga ciki wanda ya yi tasiri a kan ƙwayoyin kansar mama, da ta bakin mahaifa, da ta hanji.

Wannan shi ne iyakar inda maganar maɗaci ta tsaya. An ga tasirinsa a kwalba. Ba a yi gwajin da ya nuna ya warkar da kansa a jikin ɗan Adam ba. A ɗaya gefen kuma, gwaje-gwajen da aka yi a jami'o'in Arewa sun nuna ɓerayen da aka daɗe ana ba ruwan ɓawon maɗaci da yawa sukan nuna alamun taɓuwar hanta.

Tsakanin kwalba da majinyaci

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin magani hawa-hawa ne. Ana farawa da ƙwayoyin kansa da aka raina a kwalba. A wannan mataki abubuwa da yawa suna kashe su, har da sinadarai masu bauri da ke cikin kusan kowane ɓawo, waɗanda masu bincike suka koyi cire su tukuna don kada su ruɗe su. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko abin yana kashe ƙwayar kansa ya bar lafiyayya. In ya tsallake, sai a koma kan dabbobi a ga ko hanji yana tsotse shi, ko hanta tana rusa shi kafin ya isa inda ake so, da kuma yawan da yake zama guba. Sa'an nan a zo kan mutane, da yardarsu, a matakai uku: kaɗan don sanin awon da jiki zai ɗauka, sai masu ɗan yawa don ganin ko ƙari yana raguwa, sai ɗaruruwa don a kwatanta shi da maganin da ake da shi. A cikin magungunan kansa da suke kaiwa ga gwaji a jikin mutane, wanda ake amincewa da shi a ƙarshe ba ya kai ɗaya cikin goma.

Sassaƙen kasuwa bai bi ko ɗaya daga cikin matakan nan ba. Ƙarfin ɓawo yana bambanta bisa ga shekarun itace, da ƙasar da ya tsiro, da lokacin da aka sassaƙo shi, kuma in an daka shi gari ba mai iya rantsewa ga itacen da ya fito. Amma babbar hasarar tana ga lokaci. Rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi biyu cikin uku na mata masu kansar mama ba sa zuwa sai ciwon ya yi nisa. Mace takan ji ɗan ƙullutu kamar gyaɗa wanda ba ya ciwo, a ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe ko allura, sai a shiga jiƙo da shafe-shafe wata shida ko shekara. Ranar da za a kai ta asibiti ya riga ya fashe ko ya kama hammata. Alhali a lokacin da yake kamar gyaɗa ne aikin likita ya fi yin nasara.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan jahilci. Mutumin Kunci ko Makoɗa da ya zaɓi mai sassaƙe ya yi lissafi: kuɗin mota, kuɗin gwaji, kuɗin allurai da suka fi ƙarfin amfanin gonarsa na shekara, da layin jiran na'urar ƙona ƙari da haske, wadda ba ta da yawa a ƙasar. Mai magani kuwa yana kusa, yana jin harshensa, yana karɓar abin da ya samu. Muddin asibiti ya fi ƙarfin talaka, gizago ba zai bar jikin maɗaci ba.

Makomar itatuwan

Ɓawo shi ne hanyar da abincin da ganye ya sarrafa yake bi ya sauka zuwa saiwa. In an sassaƙe gefe ɗaya, itace yakan rufe raunin a hankali. In an zagaye shi duka, saiwa ta mutu da yunwa, itacen ya bushe a tsaye. Nazarin da aka buga a 2009 a kan itatuwan magani 12 a Jamhuriyar Benin ya nuna maɗaci yana cikin waɗanda suka fi saurin mayar da ɓawo, wasu kuwa da ƙyar suke mayarwa. Duk da haka, tun 1998 maɗaci yake cikin jerin itatuwan duniya da ake jin tsoron raguwarsu, saboda katako da sassaƙe da saran ganye.

A karkarar Kano bambancin a bayyane yake. Itacen da ke cikin gona yana da mai tsaron sa, wanda zai bari a ɗebi kaɗan a gefe ya hana a zagaye. Na bakin hanya, da na makarantu, da waɗanda aka jera a titunan gari tun zamanin En'e, su ne suka fi shan wuya, domin na gwamnati ne, watau ba mai tsawatarwa. Binciken da Muhammad Usman da Janet Nichol suka buga a 2018 da 2019 ya nuna yawan itatuwa a gonakin da ke kewaye da Kano ya ƙaru, amma darbejiya ce ta fi yawa a ƙaruwar, itatuwan asali da dama kuwa suna ja da baya. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, an shigo da ita Barno a 1928. Tana da amfaninta, amma ba za ta maye gurbin sinadaran da ke cikin marke ko hano ko ɗanya ba in waɗannan suka ɓace kafin a bincike su.

Kammalawa

Akwai misali a cikin gida na yadda za a bi hanyar da ta dace. Cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, wadda aka kafa a 1987, ta karɓi wani haɗin maganin amosanin jini daga hannun mai maganin gargajiya, Rabaran Ogunyale, bisa yarjejeniya a rubuce da ta tanadar masa haƙƙinsa. Haɗin ya ƙunshi masoro, da kanumfari, da karan dafi, da wani itace dangin madobiya. Aka daidaita awonsa, aka gwada shi a kan majinyata, aka buga sakamakon a 2001, ya fito da sunan Niprisan. Harkar sarrafa shi ta yi tangal-tangal daga baya, amma ya nuna ana iya ɗaukar sani daga hannun mai shi ba tare da an zalunce shi ba, a kuma auna shi ba tare da an yaudari majinyaci ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ƙarfafa wannan haƙƙi na al'ummomin da suka riƙe tsirrai da saninsu.

Aikin da ya rage ya rabu tsakanin masu sauraron irin wannan lacca. Ɗalibin da zai rubuta kundi a kan sassaƙe ya kamata ya ajiye samfurin ganye da fure don a tabbatar da itacen, ya rubuta ainihin abin da mai magani yake nufi da daji, kuma in ya ga tasiri a kwalba ya ce a kwalba ya gani. Ma'aikacin gandun daji yana iya sa maɗaci da marke da hano a wuraren rainon itatuwa tare da darbejiya, ya raba wa manoma su dasa a gonakinsu, tun da tarihi ya nuna itace mai mai shi ne yake daɗewa. Ma'aikacin lafiya kuma ya fi kowa bukatar jawo masu magani da ungozomomi a jiki, domin su ne suke fara ganin ƙullutu da gyambon da ya ƙi warkewa. In aka sami fahimtar da za ta sa su tura irin waɗannan asibiti a watan farko, za a ceci rayuka da yawa tun kafin wani sinadari daga gonakin Bichi ko Ɗambatta ya gama tafiyarsa ta shekara talatin.